Ɗinkin Hannuna

Ni baduku ne, a Tawa aka yanke mini cibiya.
Rumfata na bayan masu igiya,
shekara talatin da ɗaya ina ɗinka kube.
Agali ya ƙera, ni in suturta,
shi da wuta, ni da basilla da jar fata.
Ba mu taɓa tambayar mai saye ina za shi ba.

A da, in mutum ya ratayo takobi kasuwar Lahadi
ba mai matsawa gefe.
Ado ne, ɗan'uwan rawani.
Na san dattijon da ya riƙe nasa har kabari,
ruwan takobin bai ga rana ba
sai ranar shafa mai.

Sai daren Talata, bayan isha,
aka tare Nomau ɗan kabu-kabu a hanyar Bilbis.
Sara uku.
Na farko a hannun da ya ɗaga ya kare kansa.
Suka tafi da moton da bai gama biya ba,
saura jika arba'in,
suka bar shi da takalmi ɗaya.

Kafin hantsi gari ya ɗauka.
Teburin mai shayi, bakin famfo, layin niƙa:
takobi ne, takobi ne.
Ba a ce ɓarayi ba, ba a ce ƙwaya ba,
sai ka ce ƙarfen ne ya yi ƙafa
ya fita yawon dare.
Bara da aka harbi wani direba
an yi Allah ya jiƙansa, an koma ciniki.
Harsashi daga nesa yake zuwa, ba a san danginsa ba.
Takobi kuwa yana da fuska,
kuma kowa ya san inda zai juya ya kalla.

Mai gadin kantin Tankari,
shekara goma sha biyu yana kwana a ƙofa
ko allura ba ta ɓata ba,
an ce ya bar nasa a gida ko ya bar aikin.
Yanzu sanda yake riƙe,
makiyayi ba garke.

Ran Alhamis aka kira ni kwamisariya.
Ga kube a kan tebur, ba kowa a cikinsa,
an tsinto shi a kwata.
"Ka san wannan?"
Na juya shi.
Ɗinki biyu gaba, ɗaya baya, koyarwar babana.
Ga koren zare a wuya.
Ga inda basilla ta zame ta same ni,
tabon na nan a babban yatsana.
Na ce nawa ne.

"Wa ka sayar wa?"
Na sayar wa ango.
Na sayar wa Nasara mai son kayan rataye a bango,
da soja mai tafiya hutu,
da yaron da ya ce na kawunsa ne ya yage.
Ba na rubutu, ranka ya daɗe,
fata kuma ba ta riƙe suna.

Na je gaisuwar uku.
Uwar Nomau ta gane ni, ni na lulluɓe masa sirdin moto.
Ta ce an gode, Allah ya ba da lada.
Da ta zage ni da na fi samun barci.

Yanzu gidan waya nake ɗinkawa, da jakar kuɗi.
Agali ya koma hauya da wuƙar yankan albasa,
wuƙar da kowa ke saye
ba mai ɗaga ido ya dubi wani,
ga ta kuwa da kaifi.

Akwai kube ɗaya ƙarƙashin tabarmata, rabin ɗinki.
Wani dare nakan ɗauko shi
in ce wa raina: kai ba ka wasa komai ba,
aikinka rufe kaifi ne.
Haka ne.
Amma a daren nan, a hanyar Bilbis,
aikina aka fara jefarwa.